Aikin Ma'aikacin Laburare ga Ɗaliban Kimiyya da Injiniyanci

Idan ka shiga Laburaren Kashim Ibrahim da ke Samaru, babban laburaren Jami'ar Ahmadu Bello wadda aka kafa a 1962, ka zaro littafi daga kanta, za ka ga haruffa da lambobi a gefensa. A tsarin da yawancin jami'o'inmu ke bi, QA na nufin lissafi, QD ilimin sinadarai, TK kuma injiniyancin lantarki. Ma'aikacin laburare ne yake tsara wannan, amma shi ne mafi sauƙi cikin ayyukansa.

A fannin kimiyya littafi yana saurin tsufa, domin sabon bincike a mujallun ilimi yake fara fitowa, kuma a nan ne ɗalibi ya fi buƙatar jagora. Ɗauki misalin ɗalibar injiniyancin gine-gine da ke aji biyar, wadda take son gwada ko tokar ƙaiƙayin shinkafa za ta ƙara wa tubalin jar ƙasa ƙarfi. Idan ta rubuta taken aikinta gaba ɗaya a Google, tarkace ne zai fi yawa a abin da za ta samu. Ma'aikacin laburare zai zauna da ita su rarraba taken zuwa kalmomi uku ko huɗu, su nemo sauran sunayen da masana ke kiran kowanne da su, sannan su taƙaita binciken ga shekarun baya-bayan nan. Zai kuma nuna mata yadda jerin manazartar maƙala ɗaya mai kyau yake kai mutum ga waɗansu.

Akwai batun kuɗi, domin manyan mujallu suna da tsada ƙwarai. Shirin Research4Life yana ba cibiyoyin ƙasashe masu tasowa damar karanta su kyauta ko a kan farashi mai rahusa, kuma a cikinsa akwai AGORA na aikin gona da aka fara a 2003, da ARDI na fasaha da ƙere-ƙere da aka fara a 2009. Ta hannun laburare ake samun izinin shiga.

Abin da ya fi damuna shi ne mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga kowane rubutu ba tare da masana sun tantance shi ba. Ɗalibin da ya dogara da alƙaluman irin wannan mujalla zai iya ɓata watanni a ɗakin gwaji yana bin sakamakon da ba shi da tushe. Ma'aikacin laburare yakan duba masu tace mujallar da rumbunan adana mujallun ilimi na intanet da suka amince da ita, kuma ya fi kyau a kai masa duk maƙalar da ɗalibi zai dogara da ita tun kafin malami mai duba aiki ya sa hannu a kan taken bincike.