Murjani Dabba Ne, Ba Dutse Ba

Laccar da aka gabatar a Katsina, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa kan murjani.

Na farko, murjani ba dutse ba ne, dabba ne. Na ga Hajiya ta taɓa wuyanta! Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce a teku mai gina wa kanta gida da sinadarin alli, 'ya'ya su ɗora a kan ginin iyaye, kamar yadda aka jera tubali aka tada ganuwar Katsina. Ginin da ke gaɓar Ostireliya ya kai kilomita 2,300.

Amma ga inda nake so ku saurara. A jikin murjani akwai 'yar haya, wata gansakuka da ido ba ya gani. Ita ke haɗa abinci da hasken rana, ita ke ba shi launi. 'Yar haya ke ciyar da maigida! Kun taɓa jin haka a Ƙofar Ƙaura? To in ruwa ya ƙara zafi da digiri 1 kacal, ya ɗore makonni, sai maigida ya kore ta. Ya kore ta fa, mai ba shi tuwo! Sai ya yi fari fat. Bai mutu ba tukuna, yunwa ce. In ruwa ya huce ta dawo, in bai huce ba shi ke nan. An ga haka a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, ga shi ya sake dawowa a 2023.

Na uku... na biyu ne ko? A 2024 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta duba nau'in murjani 892, ta ce kashi 44 cikin 100 na fuskantar ƙarewa. A 2008 kashi ɗaya cikin uku ne. Akwai kuma cuta, da dagwalon da ake zubarwa teku.

Na'am, Hajiya?

Tana tambaya ko na wuyanta na ciki. A'a Hajiya, jan murjani daban ne, daga Bahar Rum ake ciro shi, kuma ba ya ajiye 'yar haya. Shi masu tsinka ne suka rage shi, ga shi da jinkirin girma. In na gado ne ki riƙe da kyau. In kuwa a kasuwa kika saya da araha, kawo in duba bayan an tashi, wataƙila roba ce.