Ɗaukar Hoton Wasan Harbin Fenti: Ina Amfanin Ɗauka a Jere Ya Tsaya?

Jama'a, ku ƙaddara kuna kallon wani hoto daga filin wasan harbin fenti. Ɗan wasa ya leƙo daga bayan maɓoyarsa, ƙwallon fenti ta fashe a kan gilashin fuskarsa, feshin ko sauka bai yi ba. Wanda bai sani ba zai ce mai hoton danne maɓalli kawai ya yi, kyamara ta yi ta ɓarin hotuna har aka dace. Da haka abin yake, da kowa ya zama gwani.

Mu fara da ɗan lissafi. A wasan fentbol, wato harbin fenti, wanda aka fara bugawa a 1981 a jihar New Hampshire ta Amurka, ƙwallon ba ta kai faɗin santimita 2 ba, kuma ƙa'ida ba ta yarda gudunta ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa ba, wato kusan mita 90. Idan kyamararka tana ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa, tsakanin wannan hoto da na gaba ƙwallon ta yi tafiyar mita 9. A na farko ba ta bar bakin bindiga ba, a na biyu tuni ta wuce. Ko kyamarar Sony a9 III, wadda ke ɗaukar 120 a daƙiƙa, tana barin giɓin santimita 75. Abin da ke cetonka shi ne, a gasa ɗan wasa ɗaya yana sakin ƙwallo kusan 10 a daƙiƙa, don haka iska cike take da su, wata za ta faɗo cikin hotonka.

Saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske, kuma daban yake da yawan hotuna, nan ne sababbin shiga ke ruɗewa. Ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa ya isa ya tsayar da mai gudu cak, amma ƙwallon za ta fito kamar zare mai tsawon santimita 9. Sai ka kai ɗaya bisa 4000 kafin ta fara kama da ƙwallo. Ni dai na fi son a bar ɗan zaren nan, domin shi ke nuna wa mai kallo cewa harbi ake yi. Idan haske ya yi ƙasa, ka ƙara ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, ba tare da fargaba ba; hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ya fi wanda ya dusashe.

Sai saitin ido, wato inda kyamara ke fito da hoto tar. Ka sa kyamara a yanayin da take bin abu mai motsi, AF-C a Nikon da Sony, AI Servo a Canon. Kada ka dogara da mai gano fuska, tunda kowa a filin fuskarsa a rufe take. Zaɓi ƙaramin yanki, ka ɗora shi a kan ɗan wasan.

To ga inda gizo ke saƙa. Duk hoton da ka ɗauka, sai ya fara zama a wata 'yar ma'ajiya cikin kyamara kafin ya wuce zuwa katin ajiya. Ka danne maɓalli ba sassauci, musamman a tsarin RAW, mai ajiye hoto ɗanye da nauyinsa, ma'ajiyar ta cika, kyamara ta koma tafiyar hawainiya. Kuma a daidai lokacin ne wani zai kwasa da gudu ya zame a ƙasa, kai kana jiran kati ya gama haɗiya. Kati mai sauri, irin UHS-II ko CFexpress, yana rage matsalar, amma maganinta a yatsanka yake: hoto huɗu, biyar, ka saki. Ka ƙara, ka saki.

Yaushe za ka danna? Daƙiƙun farko bayan an busa, lokacin da kowa ke rugawa maɓoyarsa, su ne suka fi armashi. Bayan haka ka zaɓi mutum ɗaya ka tsaya a kansa. Mai shirin tashi yakan gyara ƙafa, ya duba hanya, ya janye bindiga jikinsa. Da ka ga haka, fara ɗauka kafin ya motsa. Wasu kyamarori ma suna ajiye hotunan da suka gabaci dannawarka, kamar Pro Capture na Olympus.

A kula da shotar lantarki, wadda ba ta da labulen da ke motsi kamar ta inji: a kyamarori da yawa layi-layi take karanta hoto, sai ka ga bakin bindiga ya lanƙwashe idan ka juya da sauri. In ka ga haka, koma shotar inji.

Kada ka cire kariyar fuskarka a cikin fili, ko da za ta hana ka manna ido a kyamara. Yi amfani da allon baya. Ka rufe jikin kyamara da rigar ruwa, ka sa gilashin kariya da hular lensi a gaba. Idan daga bayan ragar da ta kewaye filin kake, matsa lensin dab da ita ka buɗe ƙofar haske sosai, ragar za ta ɓace. In fenti ya sami gilashin, kada ka yi saurin murzawa, ɓawon ƙwallon da ƙura na iya karce shi. Fara tsince ɓawon, sannan ka goge da ƙyalle mai laushi da ɗan danshi.