Jawabin Maraba ga Ƙaramin Jakadan Najeriya a Bikin Cikar Ƙasa Shekara 65

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe mai girma Ƙaramin Jakadan Najeriya da ke Jidda, iyayenmu malamai, iyayen yara maza da mata. A madadin kwamitin wannan makaranta muna maka barka da zuwa, sannu da hanya. Jidda zuwa Madina kilomita 400 ne da ɗoriya, ga aiki ya sha maka kai amma ka taso, Allah ya ƙara girma. Labarin kirkinka dama ya riga ka isowa.

Kafin yara su fito fareti bari mu faɗi abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, wato fasfo. Yaranmu da yawa nan aka haife su, ba su da lambar NIN balle fasfo, kuma in babu fasfo maganar iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ta tsaya cak, yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau sai ka gan shi zaune a gida, jami'a a Najeriya ta gagara, nan ma ba hali. Roƙonmu a turo ma'aikata da na'urar ɗaukar hoto da zanen yatsa su zauna mana nan ko na kwana biyu ne, aji da wuta da masauki duk mu za mu bayar.

Ranka ya daɗe mu ba baƙin jiya ba ne a ƙasar nan. Kakanninmu da ƙafa suka zo, ta Chadi, ta Sudan, su tsaya su yi noma shekara da shekaru su tara guzuri, sannan su hau jirgin ruwa a Sawakin su tsallako. Wasu tun bayan yaƙin Burmi a 1903 suka baro gida, kafin ma Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Ranar 1 ga Oktoba 1960 da Tafawa Ɓalewa ya karɓi takardun 'yanci daga hannun Gimbiya Alexandra a Legas, har da mu aka karɓa wa. Da aka kafa Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, a Makka a 1962 Sardauna na cikin manyanta. Amma yau a nan a ce mana takari, in mun je gida a ce ga 'yan Saudiyya, wallahi abin da ciwo.

Sati ɗaya da ya wuce, 23 ga Satumba, yaran nan sun sa kore da fari don bikin ƙasar da ta riƙe mu, mun gode mata. Yau sun sake sawa don tasu. Tutar da ke bayanka iyaye mata suka ɗinka da kekensu, taken ƙasa kuwa da aka dawo da shi a 2024 sai da malamai suka fara koya kafin su koyar, za ka ji yadda yaran da ba su taɓa ganin Kano ko Maiduguri ba suke rera shi.

Muna kuma buƙatar littattafan manhajar Najeriya, musamman tarihi da Hausa. Amma in ɗaya za a yi, ranka ya daɗe, fasfo ɗin dai, don Allah don Annabi. Sunayen yaran da takardun haihuwarsu na hannun sakatare, zai miƙa maka kafin ka tashi.

Allah ya maida kai Jidda lafiya, ya zaunar da Najeriya lafiya.

Kwamitin Makaranta