Mai hawan jini da maganinsa: laccar da aka gabatar a Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, malamai da 'yan'uwa, abubuwa biyu na yi niyyar taɓawa game da yadda masu hawan jini suke fahimtar magungunan da ake rubuta musu, kuma zan fara da wanda ya fi damuna.

Yawancinmu mun koyi shan magani ne daga zazzaɓin cizon sauro, wanda ake sha kwana uku, jiki ya warware, a yar da kwalin. Da wannan fahimtar mutum yake karɓar maganin hawan jini, sai ya sha wata ɗaya, a auna shi a ga jinin ya sauka ƙasa da 140 bisa 90, ya yi hamdala ya ajiye magani. Alhali kuwa maganin ne ya saukar da shi, kuma maganin ne yake riƙe da shi. Ranar da aka daina sha, jinin zai fara komawa inda ya fito. Ina roƙon na baya su saurara da kyau, domin zan maimaita: kyakkyawan awo shaida ce cewa magani yana aiki, ba takardar sallama ba ce. Wani kuma ba ya sha sai ya ji ciwon kai ko jiri, alhali ga mafi yawan mutane wannan cuta ba ta da wata alama, har sai ranar da ta taɓa ƙoda, ko zuciya, ko ta kawo shanyewar ɓarin jiki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kusan rabin masu hawan jini ba su ma san suna da shi ba, kuma kimanin ɗaya cikin biyar ne kawai jininsu yake daidaice. Mu ma'aikatan lafiya muna da kaso a wannan matsala, domin idan layi ya yi tsawo akan miƙa takarda ba tare da an gaya wa majinyaci cewa shan maganin na dindindin ba ne.

Na biyu shi ne sanin sunan magani. Idan ka tambayi dattijo abin da yake sha, sai ya ce “ɗan farin nan ƙarami”, kuma fararen ƙwayoyi ba su da iyaka a kantin magani. Amlodipine yakan kumbura ƙafa, lisinopril yakan sa busasshen tari kuma ba a ba mai juna biyu, wani kuma yana sa yawan fitsari, shi ya sa ake shan sa da safe. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya koma asibiti a sauya masa, kada ya yanke shan magani da kansa. Haka kuma a guji aron maganin maƙwabci, da yawan shan diclofenac ko ibuprofen don ciwon jiki, domin suna ɗaga jini. Gishiri kuma, har da wanda yake cikin dunƙulen ɗanɗano, kada ya wuce giram 5 a rana.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu. Tana tambaya ne game da azumi da kuma zoɓo. Hajiya, yawancin waɗannan magunguna sau ɗaya ake sha a rana, saboda haka ana iya mayar da su lokacin sahur ko buɗa-baki, amma mai shan maganin da ke sa fitsari ya tuntuɓi likitansa kafin watan ya kama, saboda zafin garin nan da ƙishirwa. Zoɓo kuwa, idan ba a cika masa sukari ba, babu laifi a sha, sai dai ba ya maye gurbin ƙwayar da aka rubuta miki, kuma duk wani jiƙo da kike sha ki faɗa wa likita ranar da za ki koma awo.