Shaidar gwani a kotu, da mu 'yan kallo: laccar da aka yi a Maradi

Wata malama da ta karanci shari'a ce ta yi laccar ga a wani taron mata da matasa a unguwar Zariya, ni kuma na rubuto ta daga rikodin tarho. Na cire gaisuwa da godiya.

To jama'a, in aka kashe miji aka kama mata, kafin ma gawa ta isa maƙabarta mu mun riga mun yanke hukunci. Kun tuna lokacin Maryam Sanda a Abuja, daga 2017 har aka yanke mata hukuncin kisa a 2020, babu fadar da ba a yi gardama ba, gurup na WhatsApp kuwa sai da ya rabu biyu, maza na cewa a rataye ta, wasu mata na cewa ku dai ba ku san abin da ke cikin ɗaki ba. Yau mutum guda nake son mu duba, wanda ake kira kotu ya yi bayani a kan abin da duka da wulaƙanci ke yi wa ɗan Adam, wato gwani, masanin halayyar mutane.

A Amurka, jihar Arizona, a 2013 an yi shari'ar Jodi Arias, an nuna ta kai tsaye a telebijin wata da watanni. Ta kashe tsohon saurayinta Travis Alexander a 2008, sukar wuƙa sama da 20, ta yanke mashi maƙogwaro, ga kuma harbin bindiga a kai. Da farko ta ce ba ta ma je gidan ba, daga baya ta ce wasu mutum biyu ne suka shigo da fuska rufe, can kuma ta ce e ita ce, amma kare kanta ta yi don yana dukanta. Lauyoyinta suka kira wata mata Alyce LaViolette, wadda ta yi shekaru da dama tana aiki da matan da ake duka da ma mazan da ke dukan, ta hau ta ce a ganinta Jodi an ci zarafinta. Wayyo. 'Yan kallo suka yi mata ca a intanet, zagi, barazana, kiran waya, har aka bi wuraren da suka gayyace ta lacca ana cewa a soke, sai da ta kai ga zuwa asibiti saboda firgici. Mai gabatar da ƙara Juan Martinez shi ma ya kawo tashi gwanar, Janeen DeMarte, ta ce ita ba ta ga alamun macen da ake duka ba. A watan Mayu 2013 aka samu Jodi da laifin kisan ganganci, a 2015 aka ba ta ɗaurin rai da rai.

Ni a ganina hukuncin nan daidai ne, kuma zagin da aka yi wa Alyce zalunci ne, duka biyun nake riƙe da su. Raunin shaidarta a fili yake, maganar dukan daga bakin Jodi kaɗai ta fito, mutumin da ya ba da labari iri uku, babu takardar likita, babu ƙara a wajen 'yan sanda, ko a littafin da take rubuta sirrinta babu. Wannan shi ne abin da ya kamata a kama, kuma shi kotu ta kama. Amma 'yan kallo sai suka tsallake suka ce ilimin ne gaba ɗaya ƙarya, wai duk mai wannan aiki 'yar kwangila ce, alhali gwanar ɗaya ɓangaren ma biyanta ake yi.

Ilimin kuwa yana nan. Tun 1979 wata masaniya Lenore Walker ta bayyana yadda abin ke juyawa: gida ya ɗau zafi sannu sannu, sai duka ya fashe, sai lallashi da ban haƙuri, sai a sake daga farko. Wa ke nan da bai san wannan ba? Ya fasa mata baki daren Talata, Laraba da safe ya shigo da turmin atamfa da kilon nama yana cewa sharrin shaiɗan ne, ita kuma ta ja mayafi ta rufe gefen fuska, maƙwabciya ta tambaya ta ce ƙofa ce ta buge ta. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kusan mace 1 cikin 3 ta taɓa gamuwa da duka ko tilas a rayuwarta, mafi yawa daga hannun mijinta ko abokin zamanta.

(Nan wani dattijo ya ce: Malama, in da gaske ana dukanta mi ya hana ta fita?)

Yawwa Baba, Allah ya saka, don wannan tambayar ake kiran gwani. Ta fita ta je ina? Ta yi yaji ta je gida, kwana biyu an zo biko, uwa ta ce ki yi haƙuri kowa haka yake zaune, uba ya ce ba ni da wurin aje bazawara ga hatsi ya yi tsada, kuma in ta nace a sake ta 'ya'ya za a karɓe. Masu bincike sun daɗe da lura cewa lokacin da mace ta yi niyyar tafiya yana cikin lokutan da aka fi kashe ta. Aikin gwani ya fahimtar da alƙali cewa zamanta bai nuna ƙarya take ba. Iyakarsa ke nan Baba, bai ga kisan ba, ba shi zai ce a sake ta ko a ɗaure ta ba.

Ku dubi Faransa, tunda dokarmu ta hukunta laifi can ta samo tushe. Jacqueline Sauvage ta yi shekara 47 da aure, a 2012 ta harbi mijinta sau 3 a baya. 'Ya'yanta mata uku suka tsaya gaban kotu suka faɗi dukan da suka tashi a ciki da abin da uban ya yi masu wanda bakina ba zai iya maimaitawa ba. Duk da haka aka ba ta shekara 10 a kaso, ta ɗaukaka ƙara a 2015 aka sake tabbatarwa, don doka ta ce kare kai sai a daidai lokacin da ake kawo maka hari, shi kuwa ya ba ta baya. Kuma aka yi ta tambayarta don mi ba ta taɓa kai ƙara ba a duk shekarun nan. Sai da shugaba François Hollande ya yi mata afuwa a Disamba 2016 sannan ta fito. Abin yana ci mani rai wallahi, ga shaidu a cikin gida, amma ita ba ta taɓa kai ƙara ba.

Mu nan Maradi ai ya fi haka, komai a zaure ake kashe shi. Sulhu abu ne mai kyau, Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya ce a ɗauko mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, Nana Aisha kuma ta ce Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ba. Amma sulhun da za a yi a tashi babu wanda ya ga tabon, babu wanda ya rubuta rana, in gobe aka wayi gari da gawa, ko tata ko tasa, gwani ba shi da abin da zai tsaya a kai sai bakin wanda ya rage da rai. Kuma ban ce maza ba a cutar da su ba, akwai, kunya ke hana su faɗi.

Don haka ke yaya, ke inna, ranar da ta zo da kumburi kada a tsaya ga ruwan zafi da man zafi, a kai ta likita a nemi sartifika, a ɗauki hoto da tarho a tura wa wata amintacciya don in ya karɓe tarhon kada ya goge, a gaya wa mai unguwa ko liman gaban mutum biyu, in abin ya kai jini a je komisariya ko jandarmari. Ko da za ta koma ɗakinta, takardar ta zauna hannun iyayenta.

Daga nan aka kira sallar la'asar, tambayoyin mata bayan salla aka yi su, kuma sun roƙi kada a ɗauki muryarsu.