"Oops" da "af" ɗinmu: ina suka haɗu, ina suka rabu?

Ladi: Jama'a barkanmu da yamma daga nan Jos, ya muka ji da sanyi? Ina tare da Malam Bala da Nura. Malam, maganar da ta cika mana waya a makon nan ita ce kalmar Turancin nan "oops". Kowa tambayarsa ɗaya: daidai take da "af" ɗinmu?

Malam Bala: Sun yi kusa, amma ba uwarsu ɗaya ba. Mu fara da baki tukuna, don a nan ake fara faɗuwa. Yawancinmu "ufs" muke cewa, wasu ma "ufus". Dalili biyu ne. Hausa ba ta da "p" mai zaman kanta, "f" ke ɗaukar mata kaya. Sannan kalmarmu ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, sai harshe ya cusa wasali a tsakani. Gyaran kuwa ba wuya. Ka ce "u", doguwa ko gajeriya, Turawa na yin duka biyun. Ka rufe leɓɓa ruf kamar za ka ce "b", iska ta tsaya cak. Sai ka buɗe kai tsaye a kan "s". Gaɓa ɗaya ce tak.

Nura: Ufus! Kamar tayar Keke Napep na sacewa a Terminus.

Ladi: Sai a kai ta wurin mai faci. To ai ga shi nan, facin ma da "p" ya shigo mana.

Nura: Fensir fa? Fasinja, fakiti, fenti, famfo.

Ladi: Firamare. Fasfo.

Nura: Farfesa! Anti Ladi, babban malami guda, mun sauya masa harafin farko, bai ce uffan ba.

Ladi: Kai, jihar da muke zaune ma fa? Filato.

Nura: Wato fasinja ya ɗauko fakitin fenti, ya faka a gaban firamare a Filato...

Ladi: Farfesa na gyara famfo.

Nura: Da fensir a kunne!

Malam Bala: To ya isa haka, ku dawo. Waɗannan sun riga sun zama Hausa, daidai suke, kada kowa ya taɓa su. "Oops" kuwa tana nan a Turancinta. Sharuɗɗanta uku: kuskuren ya zama ƙarami, ba da gangan ba, kuma a faɗe ta nan take. Shayi ya ɗan zube a tebur, biro ya suɓuce, ka tura saƙo zauren WhatsApp ɗin da ba shi ka nufa ba. Idan awa guda ta wuce, lokacinta ya wuce. Inda ta haɗu da "af" shi ne mantuwa: "Af, na bar makulli a mota", nan "oops" ta zauna daram. Amma "Af, ashe kai ne!" mamaki ne, Bature "oh" zai ce. "Kash" ta fi ta nauyi, akwai takaici a ciki. "Wayyo" ta zafi ce, wannan "ouch" ke nan. Akwai kuma "uh-oh", ita ta hango matsala ce: madara na tasowa za ta zube, "uh-oh", hannunka ya bugi kofin, "oops".

Ladi: Wannan bambancin na ƙarshe shi ya fi rikita ɗalibai.

Malam Bala: Ƙwarai. Kuma ga abin da nake so mai sauraro ya riƙe da kyau. Wani masanin zamantakewa haifaffen Kanada, Erving Goffman, ya yi rubutu a kan irin waɗannan kalmomi a 1978. Abin da ya lura shi ne, kamar da kanka kake magana, alhali na kusa da kai kake sanar wa. Kana ce musu na ga abin da ya faru, tsautsayi ne, ba wani abu ba ne, hankalina na jikina. Kalma ce mai ƙanƙanta abu. Shi ya sa uwa ke faɗa wa yaron da ya yi tuntuɓe, tun kafin ya fashe da kuka. To ka ɗora ta a kan babban abu ka gani. Direba ya bugi mai babur, ma'aikaciyar jinya ta ba da maganin da ba shi ba, kuɗin mutane sun salwanta a hannunka. Ka ce "oops" a nan, ka raina abin, ka raina wanda abin ya shafa.

Nura: Akwai wani gwamnan Amurka ma da ta kayar.

Malam Bala: Rick Perry, gwamnan Texas na wancan lokacin. A Nuwamba 2011, wurin muhawarar masu neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Republican, ya ce zai rushe ma'aikatu uku. Ya kawo ta kasuwanci, ya kawo ta ilimi, ta ukun ta ɓace masa, wato ta makamashi. Ya yi ta lalube, ƙarshe ya ce "oops". Kalmar ta bi shi shekara da shekaru. A 2017 kuma aka naɗa shi ministan wannan ma'aikata da ya manta.

Ladi: Ikon Allah! To Malam, ban haƙuri ce ko ba ita ba ce?

Malam Bala: Ba ita ba ce, kuma a nan yaranmu ke jawo wa kansu. Ka taka ƙafar dattijo a kasuwar Farin Gada, ka ce "oops" ka wuce, ai rashin kunya ka yi, ko a Ingila ne. Dole "sorry" ta biyo baya. In ma Bahaushe ne, "Baba, yi haƙuri" ta wadatar. Murya ma na da aiki: gajeruwa, da sauri. In ka ja ta kana murmushi, cewa kake da gangan na yi.

Nura: Rubutu fa? Ina yawan ganin "opps".

Malam Bala: Kuskure ne. "O" biyu, "p" ɗaya. "Opps" a bakin samarin Amurka abokan gaba take nufi, ka ga an tafi wani gari daban. "Whoops" 'yar'uwarta ce, ma'anarsu ɗaya. Kuma kada ta shiga takardar neman aiki ko wasiƙar ofis. A jarrabawar WAEC, sai dai cikin labari, a bakin wani. Wadda ke fito muku a fuskar waya idan manhaja ta ƙi buɗewa, kamfanin ne ke tausasa saƙon, ba laifin...

Ladi: Malam, lokaci ya cinye mu, ga Magariba ta kawo kai. Mun yi alkawarin "yikes" da taƙaitawa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Nura: Fanka! Mun manta da fanka.

Ladi: A wannan sanyin? Sai an jima, jama'a.