Kai Daban, Damuwa Daban: Tushen Warkarwa Ta Hanyar Labari

A shekarun 1980, a birnin Adelaide na Ostireliya, ana kawo wa Michael White, wani ƙwararren mai ba iyalai shawara kan matsalolinsu, yaran da ke yin bayan gida a wando alhali sun wuce shekarun yin haka. Iyaye sun gaji, yaran kuma kunya ta rufe su. Maimakon ya ɗora laifin a kan yaron, sai ya sa iyalin suka raɗa wa matsalar suna, tamkar wani maƙetaci mai laɓe, sannan ya tambayi yaron: yaushe yake shammatarka, kuma wace rana ce ka taɓa fin ƙarfinsa?

Wannan na cikin tushen hanyar warkarwa ta labari, wadda White da abokin aikinsa David Epston na Niyu Zilan suka bayyana a littafinsu na 1990. Ginshiƙinta shi ne mutum daban, matsalarsa daban.

Tunani biyu ne suka ɗauki nauyin wannan gini. Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Jerome Bruner, ya nuna cewa da labari muke fahimtar rayuwarmu, kuma kowane labari zaɓe yake yi, ya ɗauki wasu abubuwan da suka faru ya zubar da sauran. Wanda ya saba cewa "ni ba na iya komai" ya tsinci ranakun faɗuwarsa ya jera su, ya manta da ranar da ya yi jinyar mahaifiyarsa har gari ya waye. Shi kuwa masanin falsafa na Faransa, Michel Foucault, ya ja hankali ga yadda al'umma da hukumomi ke kafa ma'aunin "cikakken mutum", har mu riƙa auna kanmu da shi muna yanke wa kanmu hukunci. Wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni, domin sau da yawa muryar da ke zaginmu a zuci aro ce.

Idan damuwa ta yi tsanani, ko tunanin cutar da kai ya shigo, wajibi ne a ga likita. Amma a damuwar yau da kullum, kuna iya ɗaukar takarda ku sa wa abin suna, misali Fargaba. Ku rubuta abin da ta hana ku, da ƙaryar da take raɗa muku. Daga nan ku nemo rana ɗaya da ta so ta zaunar da ku amma kuka tashi kuka fita, ku rubuta wanda ya gan ku a ranar, da abin da zai iya faɗa game da ku.